Moro da Rubutun Gawa

A unguwar Nima ta wancan zamani, in ka ga allon mai aski da aka zana kan mutum ya fito kan mutum, ba kabewa ba, to hannun Moro ne. Haka in trotro, motar haya, ta wuce ka da "Allah Na Nan" a goshinta, haruffan sun zauna daram kamar da su aka ƙera motar. Sunansa na yanka Umaru, bakin unguwa ne ya lanƙwasa shi tun yana rarrafe, shi ma bai taɓa neman a gyara ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, amma Allah ya yi shi da riƙo. In ka taka shi zai ce maka ba komai. Kai ne za ka manta, shi kam ya ajiye.

Mahaifinsa, Baba Alu, mai goge ne. Daga arewa ya sauko da gogensa a cikin buhu, ya kama ɗaki a wani gidan haya kusa da babbar kwata, kuma daga Maamobi har Kotobabi ba a suna ko biki a ce ya yi armashi in bai je ba. Ya so Moro ya gaje shi, sai dai kunnen Moro na katako ne. Baiwarsa a hannu take. Tun a makarantar allo rubutunsa ya fi na kowa tsabta, da ya tasa kuma aka kai shi wurin wani mai rubutun alluna a Adabraka, ya koyi haruffan boko. Bai damu da sunayen da Turawa suka ba su ba, nasa ya raɗa musu. Akwai masu takalmi, akwai marasa takalmi, akwai masu ƙiba na allon mahauta, akwai masu kishingiɗa na shagon kitso. Yakan ce harafi tufafi ne, kafin a karanta sunan mutum an riga an ga abin da ya sa.

A gidan hayar nan akwai Amama mai koko da ƙosai. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Jibirilu, uwar Moro kuma ta rasu yana goye. Ba wanda ya zauna ya tsara, abin ya haɗu da kansa. Amama ta ɗauki Moro ta goya, Baba Alu ya ja Jibirilu jikinsa. Kwano ɗaya suka ci, tabarma ɗaya suka kwana. Abin da Moro ya kasa ɗauka kuwa Jibirilu ya kwashe shi tas. Duk waƙar da ke cikin tsohon sai da ya juye masa ita, har waɗanda bai taɓa yi a bainar jama'a ba.

Jibirilu ya girma da murya da kyan fuska, da kuma kai mai saurin kumbura. Ya ajiye goge ya ɗauki jita, ya tara 'yan kiɗa, ya koma Jibson. Wannan ba laifi ba ne, kowa da zamaninsa. Waƙoƙin Baba Alu ya sa wa ganga da ƙaho yana yi a otal-otal, tsohon kuma in ya ji a rediyo murmushi yake yi, ya ce yaron ya iya.

Wata Talata da hantsi, a ƙarshen shekarun saba'in, Baba Alu ya cika. Moro ya bar gawa ana wanka, ya hau trotro zuwa wani otal a Adabraka inda Jibirilu yake gwaji da mutanensa. Ya tarar da su tare da wani Bature da ke shirin kai su Jamus, wanda aka riga aka gaya wa cewa waƙoƙin nan duk daga kan Jibson suka fito. Waƙar da suke bugawa a lokacin ma ta Baba Alu ce.

"Jibirilu, Baba ya rasu," in ji Moro. "Bayan azahar za a kai shi."

Jibirilu ya dube shi tun daga hula har silifas ɗinsa mai ɗigon fenti. Bature ya tambaya ko wane ne. Jibirilu ya ba shi amsa da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada Moro ya ce bai ji ba.

"Wane Baba? Ban san shi ba, cale. Ka ga aiki muke yi." Cale kuwa kiran da ake yi wa kowa ne a titi.

A Zango, unguwannin 'yan arewa, ana yafe zagi, ana yafe mari, har satar akuya an sha yafewa. Amma mutumin da ya ci da kai ya faɗi, a zo har inda kake a gaya maka, ka ƙi zuwa ka sa kafaɗa a makararsa, wannan ba ya wankuwa. Mutane sun yi ta waige a maƙabarta suna neman Jibirilu. Amama ta yi ta rufa masa asiri a cikin gida, tana cewa ƙila saƙo bai same shi ba. Moro bai ƙaryata ta ba, bai kuma gaya wa kowa abin da aka ce masa ba. Yana zuba ƙasa a kabarin ubansa ya ƙudurta a ransa cewa tunda Jibirilu ya ƙi zuwa jana'iza, shi zai kai masa tasa har inda yake.

Jibirilu ya tafi Hambug, sunansa ya yi ta girma. Moro kuma ya sami aiki a gidan talabijin. A lokacin ba na'urar da ke fitar da rubutu. Duk sunan da ka gani a fuskar akwati, wani ne ya zauna da burushi da farin fenti ya rubuta shi a kan baƙin kwali, aka jingina a gaban kyamara. Sunan mai karanta labarai, sakamakon ƙwallo, "A gafarce mu" in tasha ta ɗauke, duk suna bi ta teburin Moro. Amma aikin da ya fi yawa shi ne sanarwar mutuwa. Mutanen kudu ba sa binne nasu da wuri, sai sun shela wa duniya, don haka kullum kafin labarai akan jera hotunan mamata. Tsarinsu ɗaya ne. Hoto a cikin da'ira mai siffar ƙwai, layi biyu kewaye da kwalin, suna kuma da waɗansu haruffa masu kauri da ƙaya-ƙaya irin na ƙofar coci.

Mutanen Nima ba sa ba da irin wannan sanarwa, wanda ya rasu da safe kafin la'asar ya kwanta. Amma kallonta suke yi ba fashi. A tsakar gidan Alhaji Seidu mahauci akwai akwati baƙi da fari mai murya kamar ta mai mura, kuma nan rabin layin ke taruwa. Mata su ce wannan da ganinsa ya ci duniya, waccan kuwa ba ta tsufa ba, kaico. Su suka sa wa haruffan suna rubutun gawa. Tsohuwar da ba ta san alif na boko ba ta san shi daga nesa. Amama takan zauna gaba-gaba, in ya fito ta yi salati, sannan ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "Ɗana Moro ne ya rubuta."

Shekaru suka tafi. Moro ya yi aure, ya haihu, furfura ta fara leƙowa. Kowace safiya sai ya tsaya wurin Amama ya sha koko kafin ya wuce aiki. Kowa ya ɗauka ya huce, don ko sunan Jibirilu ba ya kamawa. Wanda ya san Moro da gaske da wannan shirun ne zai tsorata shi.

A tsakiyar shekarun tamanin aka shirya bikin ba mawaƙa lambar yabo, wanda za a nuna kai tsaye ranar Lahadi bayan la'asar. Shugaban shirin, wanda kowa ke kira Masta, ya shigo ɗakin zane yana sauri kamar kullum. Ya ce yana son haruffa masu fara'a, masu kishingiɗa, da 'yan taurari a gefe. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Waƙar shekara ta Jibson ce. Ba zai zo ba, in ya fito daga Jamus takardunsa ba za su mai da shi ba. Manajansa zai karɓa. Hotonsa kawai za mu nuna, ka yi masa kati mai kyau."

Ya ajiye hoton ya fita. Moro ya daɗe yana kallon fuskar nan da tabarau da sarƙar wuya. Ya tambaya wace waƙa ce, aka gaya masa. Ita ce dai wadda ya tarar ana bugawa a otal ranar da ake wa ubansa wanka. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ba na tsoro ba, na wanda ya daɗe a tasha ya hango motarsa.

Kati biyu ya yi. Na farko mai taurari, shi ya nuna wa Masta. Na biyu kuwa ya ɓoye shi a ƙarƙashin tebur yana yi a hankali, kuma tunda yake bai taɓa zuba gwaninta a kan kwali kamar wannan ba. Ya yanke hoton ya zama ƙwai. Ya ja layi biyu. Ya ɗauki sabon burushi ya fitar da kowace ƙaya ta kowane harafi. Bai sa ranar haihuwa ba, bai sa ta mutuwa ba, bai rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Sunan mutum ne da hotonsa. Abin da yake so shi ne a ranar da Jibirilu ya fi kowa girma, ƙasa gaba ɗaya ta gan shi cikin likkafani, labari ya bi shi har Hambug, ya san akwai wanda bai manta ba.

Ana jibi biki ya tsaya shan koko, Amama ta riƙe masa hannun riga. Manajan ya aiko mata cewa ɗanta zai fito a akwati, kuma tun daga ranar ba wanda ya sayi ƙosai bai ji labarin ba.

"Moro, an ce kai za ka rubuta sunan shi."

"Ni ne, Mma."

"To ka rubuta da kyau paa. Ɗan'uwanka ne. Ni ban iya karatu ba, amma in na ga hannunka zan gane."

"Za ka gane, Mma," in ji shi, da irin Hausar Nima da ke ce wa mace da namiji "ka".

Ya ɗaga kofi ya rufe fuskarsa da shi. A nan ya kamata ya ja ta gefe ya ce duk abin da ta gani ranar Lahadi kada ta tsorata, Jibirilu lafiyarsa lau. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna Amama ba ta iya riƙe zance, kafin azahar Maamobi ta ji, kafin la'asar ya kai kunnen Masta. Ya ce a ransa ai mai gabatarwa zai yi bayani, ai za a ji tafi, ai da an gama zai zo da kansa ya zauna kusa da ita. Shekarun da ya yi yana dakon wannan rana suka rinjayi tsohuwar da ta goye shi. Ya shanye kokonsa ya tafi aiki.

Ranar Lahadi komai ya tafi yadda ya tsara. Katunan suna jere a kan katako, yana tsaye a gefe a matsayin mai gyara in wani ya karkace. Ana sanar da waƙar shekara ya zare mai taurari ya sa nasa. Kyamara ta ɗauka. Aka saki waƙar, ga ta mai sanyi da jan rai, don asalinta ta goge ce. Wani mutum da baƙar kwat, manajan ke nan, ya hau dandamali shi kaɗai, ya sunkuyar da kai ya karɓi lambar da hannu biyu. Tafin da aka fara a zauren ya yi ta raguwa, mutane suna duban juna. Moro yana jin ihun Masta ta cikin abin kunnen mai kyamara. Daɗi ya ji, daɗi na gaske, har cikin ƙashinsa. Ya kalli rubutunsa a ƙaramin akwatin da ke gefe ya ce a hankali, "Baba, na kai masa."

Korarsa aka yi nan take, bai kuwa tsaya ba da haƙuri ba, don tun safe ya ɗaure burusansa a cikin jaka. Ya hau trotro yana jin kansa sakayau. A cikin motar ma zancen ake yi, wata mata tana cewa kaico, yaro da sauran ƙuruciyarsa. Moro ya juya fuska waje don kada a ga bakinsa.

Tun daga bakin layi ya jiyo salati. An fito da benci da tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Seidu, maza sun fara zama. Wani ya tare shi ya riƙe masa hannu yana ba shi haƙuri. Zuera, matar da ke taya Amama suya, ta fito da gudu ba ɗankwali.

"Moro, ina ka shiga? Mma ya faɗi. Yana gani ya miƙe tsaye ya ce rubutun Moro ne, shi ke nan ya zube. An tafi da shi asibiti."

'Yan makarantar da ke wurin sun ji abin da mai gabatarwa ya ce, sun kuma yi ƙoƙarin faɗa. Amma akwatin Alhaji ba shi da ƙarfin murya, kukan mata ya danne sauran, manya kuma suka ce yara su rufe wa mutane baki. Shekara da shekaru suna ganin rubutun nan, ba a taɓa yi wa mai rai shi ba.

Moro ya tsaya a tsakiyar masu zaman makoki ya ce Jibirilu yana da rai, shi ne ya yi, ya kuma faɗi dalili. A ranar Nima ta fara jin abin da aka ce a otal. Wasu suka tsine masa, wasu suka yi ta gyaɗa kai, Alhaji Seidu ya ce a naɗe tabarmi. Bai tsaya jin hukuncinsu ba, ya nufi asibiti.

Amama ta farfaɗo bayan kwanaki, gefe ɗaya ya mutu, baki ya karkace. Ya durƙusa a gaban gadon ya gaya mata komai, ba sau ɗaya ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ɗora hannunta mai rai a kansa.

"Kar ka lallashe ni, ɗana. Hannunka bai taɓa ƙarya ba." Ta huta, ta ƙara da cewa, "Ka yafe masa. Na sani saƙo ya same shi ranar Baba. Ga shi shi ma ba wanda ya je nasa."

Daga nan ba abin da ya ƙara shiga kanta. An kawo mata wasiƙa, an kawo kaset da muryarsa yana gaishe ta, ta ce tsohon kaset ne. A wurinta Jibirilu ya rasu ranar Lahadi bayan la'asar, ta gani da idonta.

Ta ɓangaren Jibirilu kuwa, ramuwar ta kama fiye da yadda Moro ya auna. Da ya ji halin uwarsa ya baro Jamus, ƙofa ta rufe a bayansa. Ya sauka Nima ya tarar an canja masa suna, babba da yaro Marigayi suke ce masa, wasu a bayan ido, wasu a gabansa. Ba mai son Marigayi ya yi masa kiɗan aure. Labarin otal kuma ya riga shi shiga kowane gida. Ni dai ban ga abin tausayi a nan ba, shi ya saya da bakinsa. Moro ya koma rubutun trotro da allunan aski har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ko nawa za ka ba shi ba ya yi maka haruffa masu ƙaya. Ya ɗauke Amama ya kai ta ɗakinsa, shi da matarsa suka yi jinyarta har ta bar duniya. Amma in ana zancensa a Nima, safiyar da Jibirilu ya dawo ake fara kawowa.

Moro yana zaune a bakin katifa yana ba ta koko da cokali, Zuera ta ɗaga labule, Jibirilu ya shigo. Ba tabarau, ba sarƙa. Bai ko dubi Moro ba. Ya zube a gabanta ya kama ƙafarta.

"Mma, ni ne. Jibirilu ne. Na dawo."

Ta dube shi tun daga kai har takalmi, a natse, ba tsoro ba murna. Sannan ta juya wurin Moro.

"Wane ne wannan? Ban san shi ba."

Shekaru Moro ya yi yana son ganin wannan fuska ta karye, ga ta kuwa ta karye a gabansa, kusa har zai iya taɓawa. Ya kalle ta sosai, bai kau da ido ba. Ya nemi daɗin nan na ranar Lahadi a cikin ransa, ya tarar ba ko ɗigo. Jibirilu ya kifa goshi a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Amama ta ɗan ja ƙafarta, ta gyara mayafi saboda baƙo. Ta taɓa gwiwar Moro ta yi ƙasa da murya don kada mutumin ya ji kunya.

"Ɗana, zuba masa koko. Da gani shi ma an yi masa rasuwa."

Moro ya ɗauko kofi ya zuba.